Wa ya taɓa hawa Windy Gyle?

Ɗan Zariya a Newcastle: Salamu alaikum jama'a. Asabar mai zuwa nake so in hau Windy Gyle, tudun nan na tsaunukan Cheviot da ke kan iyakar Ingila da Sikotland. Mita 619 ne kawai. Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haske.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Wannan "kawai" ɗin ne zai wahalar da kai, ƙanena. Ni daga kwarin Coquet na taso, wajen Barrowburn, a watan Oktoba. Hawan ba shi da tsanani, ƙasar ce ta sha ruwa ta ƙoshi. Na taka wani wuri kore shar, na ɗauka ciyawa ce, sai ƙafata ta nutse har gwiwa. Na zaro ƙafar, takalmin ya zauna a ciki. Sai da na durƙusa na tono shi da hannu, tumaki na tsaye suna kallona. Inda ka ga an shimfiɗa falalen duwatsu, kada ka sauka daga kansu.

'Yar Katsina: Iskar fa, ba a banza aka sa wa wurin suna Windy, wato mai iska, ba. Hijabina sai da na cusa shi cikin rigar sanyi. Abin da ya ba ni dariya shi ne iyakar: shingen waya ne na makiyaya, ba kwastan, ba mai tambayarka takarda. Ni da na saba da Jibiya, sai na tsaya ina waige-waige.

Malam na Kelso: A ƙoli za ka tarar da tarin duwatsu, Russell's Cairn. Sunan daga Lord Francis Russell ne, wanda aka kashe a yankin a 1585 lokacin zaman sulhu tsakanin masu tsaron iyakar ɓangarorin biyu, amma tarin ya girmi wannan kisan da dubban shekaru. A bayansa na fake na yi azahar. Kudu da kogin Coquet filin atisayen sojoji ne na Otterburn, in ka ga jar tuta kada ka shiga. Waya kuma ba ta kamawa a kwarin, ka sauke taswira tun daga gida. Da hunturu ƙarfe huɗu duhu ya yi.

Ɗan Zariya a Newcastle: Na gode ƙwarai. Yaya Baban Ummi, takalmin ya tsira kuwa?

Baban Ummi: Yana baranda har yau. Maman Ummi ta hana shi shiga ɗaki.