An ce a sa wa ƙanena bututu a ido, wa aka taɓa yi wa?

Yayar Auwalu: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ɗan acaɓa ne, shekararsa 23. Wata takwas da suka wuce yana ɗaure buhun masara a bayan mashin, robar ta kufce ta zabge shi a idon hagu. Jini ya taru a ciki, aka yi masa ɗinki a farin ido, daga baya jinin ya washe. Muna murna, sai firesha, wato matsin ruwan cikin idon, ta ƙi sauka. Likita ya ce dukan ya yaga magudanar ruwan idon, shi ya jawo hawan jinin ido. Yana ɗiga timolol da dorzolamide, yana shan Diamox har yatsunsa na yi masa yam-yam, amma jiya an auna 38, alhali bai kamata ta wuce 21 ba. Yanzu an ce a sa masa Ahmed valve, wani ɗan bututu mai bawul haɗe da ɗan faranti da ke fitar da ruwan idon, wai aikin da aka saba yi ba zai riƙe ba saboda tabon ɗinkin. Idon na gani, gefe ne ya fara duhu. Wanda aka sa wa bayan rauni, me ya biyo baya?

Maman Biyu: Allah ya ba shi lafiya. Babarmu ma an yi mata aikin yanar ido bara, washegari ta zura zare a allura. Ku yi kawai.

Na Bakin Kasuwa: Hajiya, yanar ido daban, hawan jinin ido daban. Wannan aikin ba ya dawo da ganin da ya tafi, sauran yake tsarewa.

Tsohon Direba: 'Yar uwa, ni aka yi wa, kuma idona na dama ne ya tafi. Murfin lagireto ne ya tashi ya same ni. Bayan an sa bututun, sati biyun farko firesha ta faɗi ƙasa sosai, idon ya yi laushi kamar tumatirin da ya kwana. Aka ce zai daidaita. Wata ɗaya da rabi sai ta sake hawa, aka maida ni kan maganin ɗigawar da na yi zaton na rabu da shi. Wannan duk na haƙura. Abin da ya kashe ni, bayan shekara guda na fara jin kamar tsakuwa a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Na je asibitin, wanda ya yi mini aikin ya bar ƙasar, wanda na tarar ya haska da tocila daga nesa ya ce ƙaiƙayin sanyi ne. Ashe bututun ne ya cinye naman da aka rufe shi da shi ya fito fili. Matata ce ta ɗaga fatar ta ga ɗan farin abu kamar tsinken tsintsiya. Kafin na haɗa kuɗin komawa, ƙwayar cuta ta bi ta nan ta shiga, idon ya yi ja, ruwa, ciwo har cikin kai. An cire bututun, an yi allura a cikin ƙwayar ido, amma baƙin idon ya riga ya yi fari. Yau shekara huɗu ban riƙe sitiyari a babban titi ba.

Yayar Auwalu: Innalillahi. Baba, sannu. Wallahi jikina ya mutu.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, Allah ya sa kaffara ce. Amma 'yar uwa, kada ki ɗauki wannan ki zauna. Firesha 38 in ta daɗe, jijiyar gani za ta mutu ko an yi aiki ko ba a yi ba. Hawan da Baba ya faɗa bayan 'yan makonni sananne ne a irin Ahmed, tabo ne ke kewaye farantin, ana sa ido a kai. Ki tambayi likitan da me zai rufe bututun, da kuma inda bakinsa zai zauna, don in yana gogar gilashin gaban ido a hankali yake dusashe shi. Kuma a gwada jininsa, in yana da sikila a gaya wa likita, Diamox ba ya shiri da ita.

Mai Gilashi: Akwai kuma ganin abu biyu-biyu, farantin na iya takura naman da ke juya ido. Ni da laser zan ce a fara.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, kai gilashi kake yankawa. Laser ɗin da kake nufi, na ƙona wurin da ke samar da ruwan ido, mafi yawa ana ajiye shi ne ga idon da ganinsa ya riga ya lalace sosai. Yaron nan yana gani.

Mai Gilashi: Ke kuma allura kike yi, ba fiɗa ba. Shekara 15 ina ganin waɗanda suka fito daga hannunku.

Ɗan Zolaya: In zai riƙa ganin biyu-biyu ai riba ce ga ɗan acaɓa, fasinja ɗaya ya caji na biyu.

Maman Biyu: Kai dai ba ka da lokacin wasa.

Yayar Auwalu: To nawa ne ma? Mu an ce mu tanadi naira dubu 900.

Na Bakin Kasuwa: Dubu 900? Maƙwabcina miliyan ɗaya da rabi ya kashe, shi ya sayo bututun da kansa daga Legas.

Baƙo Daga Maraɗi: Ɗan baffana bai kai rabin haka ba. Nasa bututun na Indiya ne, na kamfanin Aurolab, ba shi da bawul. Ɗaure shi ake da zare, sai zaren ya narke wajen sati shida ruwa ya fara wucewa. Kafin nan yana kan magani.

Tsohon Direba: Kuɗin aiki ba shi ne kuɗin ba. Ku lissafa zirga-zirga. Wata ukun farko kusan kowane sati ina hanya, kuma ranar da ka je sai a ce na'urar awo ta lalace.

Na Bakin Kasuwa: Ga tsadar maganin ɗigawa. Kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, kowane wata da sabon farashi. Na sayi wata a kemis, na kai wa likita ya juya ta ya ce bai yarda da ita ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Kemis ɗin nan su ne ciwon kaina. Mutum ya zo da jan ido su miƙa masa maganin ɗigawa mai dexamethasone, na rage kumburi, ya yi wata shida yana ɗigawa don yana jin sanyi, ita kuma tana hawar da firesha a ɓoye. 'Yar uwa, tsakanin ɗinki da yanzu, Auwalu bai ci gaba da ɗiga irin wannan ba?

Yayar Auwalu: Akwai wata mai farin ruwa kamar madara da aka ba shi bayan ɗinkin. Da ta ƙare shi yake sake sayowa da kansa. Bari ya dawo in duba sunan.

Mai Gilashi: Ai laifin ba na kemis kaɗai ba ne. Wa ya gaya masa ranar dainawa? Kati ake miƙo maka da rubutun da ko mai shi ba ya iya karantawa.

Ɗan Zolaya: Mai kemis ɗin unguwarmu yana karantawa. Ko takardar cefane ka ba shi sai ya haɗo maka magani.