Ta yaya ake gane tasirin mai bincike a fannin hoton ƙwaƙwalwar jarirai?

Maryam:
Assalamu alaikum. A fannin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar jarirai da 'yan tayi, idan aka ce aikin wani masani ya yi tasiri, me ake dubawa? Yawan ambaton maƙalunsa ya wadatar?

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam. Abin da aka fi kawowa shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Mai h 30 yana da maƙalu 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Ki duba rumbunan intanet masu ƙirga ambaton maƙalu, Scopus da Google Scholar, duka. Na Google yakan fi yawa, don har kundayen digiri yake ƙirgawa. Ki ware ambaton da mutum ya yi wa kansa, ki lura kuma ko sunansa ne na farko, na ƙarshe, ko yana tsakiyar marubuta ashirin. Fannin nan ƙarami ne, kada ki gwada shi da na masu binciken ciwon daji.

Dakta Binta:
Haka ne, Dakta, amma ni na fi son a tambaya: me aikin ya canza a ɗakin jinyar bakwaini? Ki ɗauki Lu-Ann Papile ta Amurka. A 1978 ita da abokan aikinta suka yi wa jarirai 46 masu nauyi ƙasa da giram 1,500 hoton CT, suka samu zubar jini a ƙwaƙwalwar 20. Daga nan matakai huɗu suka fito: na 1, jini ya tsaya inda ya ɓalle, na 2, ya shiga ramukan ruwa na ƙwaƙwalwa ba su kumbura ba, na 3, sun kumbura, na 4, har naman ƙwaƙwalwa ya taɓu. Har yau da su ake rubuta sakamako, ko da yake sikanin na ultrasound ta maɗiga ake yi yanzu. Joseph Volpe, likitan ƙwaƙwalwar jarirai na Amurka, ya gyara fahimtar mataki na 4: jijiyoyin da ke mayar da jini ne ke toshewa, naman wurin ya mutu, ba malala jinin ya yi kawai ba. Wannan gyara ya shafi abin da za a gaya wa iyaye, kuma ma'aunin h ba zai nuna miki shi ba.

Malam Yusuf:
'Yar'uwa, ki karanta hanyar aikin ma. Yawancin zubar jinin nan cikin awa 72 na farko bayan haihuwa yake faruwa, amma lalacewar farin ɓangaren ƙwaƙwalwa sai bayan makonni take bayyana. Binciken da ya yi sikanin sau ɗaya zai rasa ta. Wanda ya tsaya ga maɗiga bai leƙa ta bayan kunne ba, zai iya rasa jini a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya.

A ɓangaren ɗan tayi, binciken MERIDIAN na Birtaniya da Paul Griffiths ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya kwatanta hotuna da abin da aka tabbatar daga baya. Sikanin na ultrasound ya yi daidai a kashi 68 cikin 100, da aka ƙara hoton MRI ya kai 93. Sai dai matan da sikanin ya riga ya nuna musu matsala aka ɗauka, daga mako 18 na ciki zuwa sama, don haka bai zama hujjar yi wa kowace mai ciki MRI ba.