Kunun zaƙina na alkama yana kumfa da ƙamshin ayaba, ku taimaka da shawara

Mai tambaya, daga Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yin kunun zaƙi na sayarwa, yara suna kai wa masu shaguna a bakin titi. Na gero na saba yi. To a bana wani ɗan'uwan maigida da ke noman rani a Kadawa ya aiko mana da alkama, sai na ce bari in gwada da ita. Na jiƙa wata na fitar da tsiro da kaina, sauran na niƙa da citta da ɗan kanumfari, na dama rabi da tafasasshen ruwa, na zuba ɗanyen ƙullun da tsiron, ya kwana, da safe na tace na sa sukari na ɗura a gorunan roba. Wallahi da safen nan ya fi na gero zaƙi da santsi. Amma babu wuta, kuma kun san zafin da ake yi. Wanda ya rage zuwa washegari da yamma sai na ga gorunan sun kumbura sun yi tauri, ina buɗe ɗaya ya yi "fusss", kumfa fari ya taso har ya zubo. Ƙamshinsa kamar na nunanniyar ayaba, alhali ban sa ayaba ba. Na ɗan taɓa a harshe, yana tsikari. Tambayata biyu ce: wannan abin har yanzu kunu ne ko ya koma wani abu? Kuma ta yaya zan riƙa gane lafiyayyen tsami da wanda ya wuce gona da iri tun kafin in ba yara su fita da shi?

Hajiya mai kunu, Kurna:

Wa alaikumus salam. 'Yata, zubar da shi, kada ki yi dogon tunani. Kunun da ya kumbura gora ya tashi daga kunu. Na daɗe a wannan sana'a, kuma a watan zafi ba na barin kunu ya kwana da sukari a cikinsa ko da na gero ne, balle alkama. Sukari sai lokacin fita. Kuma tsiro kaɗan ake sawa, aikinsa ya tsinka kunun ne kawai. Ni ma na fi son busasshen dankali a kan tsiro, ya fi haƙuri.

Wani malamin kimiyya, Kabuga:

Hajiya ta yi gaskiya, bari in ƙara da dalili don ki gane abin da ya faru a cikin gorar. Idan hatsi ya yi tsiro, yana fitar da wani sinadari mai suna amiles wanda ke farfasa sitaci ya mayar da shi sukari. Shi ya sa kunun ya tsinke ya yi zaƙi tun ba ki sa sukarin kanti ba. Sinadarin ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70, wato daidai lokacin da damammen kunu ya ɗan huce kika zuba tsiron. Daga nan halittu iri biyu ne ke rububin wannan sukarin. Akwai bakteriya masu kawo tsami mai laushi, irin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, su muke so a kunun zaƙi. Akwai kuma yis, wanda ke nan a jikin hatsi da cikin iska da jikin robar da ba a wanke sosai ba. Shi yis idan ya ci sukari abu biyu yake fitarwa, iskar kabon da barasa. Iskar ce ta kumbura miki gora, ita ce kuma take tsikarin harshe.

Ƙamshin ayabar da kika ambata shi ya fi ɗaukar hankalina, domin yis ne ke yin sa. A kudancin Jamus, yankin Bavariya, akwai giyar da suke yi wadda aƙalla rabin tsiron cikinta na alkama ne, barasar cikinta wajen kashi 5 cikin 100, kuma masu ɗanɗana ta da ƙamshin ayaba da na kanumfari suke gane ta, duk da ba a saka ko ɗaya daga cikinsu. Tana da gurɓi-gurɓi da kumfa mai kauri saboda alkama tana da furotin da yawa, wannan danƙon da ke sa gurasa da alkubus su tashi. Ban ce naki ya kai nasu ƙarfi ba, su suna zuba zaɓaɓɓen yis su bar shi kwanaki. Amma tsiron alkama da ruwan ɗumi da sukari da rufaffiyar gora a zafin Kano na watan Afrilu, wanda yake haura digiri 40, hanyar ke nan kika hau. Haka ma burkutu, da tsiron dawa ake fara ta.

Wata matashiya, Rijiyar Zaki:

Ni fa ina ganin ana tsorata baiwar Allah ne. Kunun zaƙi ai dama da tsaminsa, wasu ma sun fi son wanda ya kwana. Ba za ta iya sake tafasa shi ta ƙara ruwa da sukari ta sayar ba? Asarar ta yi yawa a wannan tsadar.

Malamin kimiyya:

Ƙanwata, tafasawa za ta kashe yis ɗin, domin ba ya jure zafin da ya kai digiri 60. Amma barasar da ta riga ta samu ba ta ƙarewa da tafasa ɗaya, ko da yake tana fara tashi a digiri 78. Sai an daɗe ana dafawa, kuma kafin nan ɗanɗanon ya lalace. Tafasar tana da amfani ne kafin abin ya faru.

Malam, Sani Mainagge:

Allah ya saka wa mai tambaya da alheri da ta tsaya ta tambaya. Magabata sun san irin wannan. Ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) dabino ko zabibi a ruwa yana sha, kuma ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa yakan sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a shayar da shi ko a zubar. Malamai sun ce abin lura shi ne canjawar abin sha, idan ya fara tafasa da kansa yana fitar da kumfa ya yi ƙarfi, to a bar shi. Kada wani ya riƙe kwana uku a matsayin lasisi, domin ruwan dabino daban, kunun da aka sa wa tsiro daban, a zafi irin namu yana iya juyawa cikin yini. Ƙa'idar kuwa sananniya ce, abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Tsami shi kaɗai ba ya haramta abu, in ba haka ba da nono da khal sun haramta. Game da maganar 'yar'uwa ta a ƙara ruwa a sayar, ko da an ce ba ya bugarwa, ɓoye aibin kaya ga mai saye algus ne. Kuma idan hanci da ido sun riga sun nuna miki, ba sai kin kai baki ba.

Hajiya mai kunu:

Madalla da Malam. To ga yadda nake duba nawa kowace safiya. Kada ki ɗanɗana daga gora, ki zuba a kofin gilashi ki ajiye ya natsu. Lafiyayyen kunu idan kika girgiza zai yi kumfa, amma nan da nan ya kwanta. Wanda ya fara juyawa za ki ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa daga ƙasa ba tare da kin taɓa shi ba, in kin kara kunne ma za ki ji yana 'yar ƙara. Sai hanci. Citta ya kamata ta fara dukan ki, sannan ƙamshin hatsi. In kika ji warin ƙullin fanke da ya tashi ya wuce misali, ko wannan ayabar taki, magana ta ƙare. In ya tsallake waɗannan biyun sannan ki kurɓa. Tsamin kirki a gefen harshe yake tsayawa, zaƙi na biye da shi, kuma ba ya barin komai a maƙogwaro. Na banza kuwa zaƙin ne ke raguwa, ki ga kin sa sukari da yawa amma kamar an sace shi, ga ɗaci-ɗaci da ɗumi a maƙoshi. Ki kurkure baki da ruwa tsakanin gora da gora, kada kuma ki yi gwajin bayan kin ci goro ko yaji, ba za ki ji komai ba. Kuma ki ɗanɗana shi ba da sanyi sosai ba, ƙanƙara tana rufa wa kunu asiri.

Wani mai sayar da hatsi, Dawanau:

Abu ɗaya zan ƙara kan tsiron. Alkama ba ta da ɓawo irin na shinkafa, saboda haka tana saurin yin funfuna idan aka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu aka manta. Ki riƙa ɗauraye ta safe da yamma, da zarar ɗan farin tsiron ya leƙo ki shanya a rana ya bushe ƙarau. In kika ga baƙi-baƙi ko kore-kore a jiki, ko kaji kada ki ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zubar, na wanke gorunan da ruwan zafi. Amma masu saye sun yaba da na alkamar, ba na son in daina. Malam na Kabuga, idan na tafasa bayan na tace, ba zai koma koko ba?

Malamin kimiyya:

Zai ɗan yi kauri, domin ɗanyen ƙullun da kika zuba akwai sauran sitaci a cikinsa, amma tunda tsiro ya riga ya cinye mafi yawansa ba zai kai koko ba. Ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har tururi ya tashi sosai, ki sauke, ki sa tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi ta huce da wuri, sannan ki ɗura ki jera a kula da ƙanƙara. Ki fara gwadawa da alkama kashi ɗaya, gero kashi biyu, ki rage tsiron, ki kuma yi daidai wanda zai ƙare kafin la'asar. Ki ware gora ɗaya ki ajiye a gida ba ƙanƙara, kina matsa ta lokaci-lokaci, sa'ar da ta fara tauri ita ce iyakar lokacin da kununki zai iya yi a hannun yara. Ki dawo ki faɗa mana ƙarfe nawa ta kai.