Neman kalmar Hausa: me za a kira "acceptance" a shirin masu raunin laka?

Mai Shirin Lafiya, Gombe: Assalamu alaikum malamai. 5 ga Satumba ce ranar masu raunin laka ta duniya, muna da shirin rediyo, kuma ranar Alhamis zan miƙa rubutun. Takardar da nake fassarawa sai nanata "acceptance" take yi, wato wanda lakarsa ta samu rauni ya daina faɗa da halin da jikinsa ya shiga, ya ci gaba da rayuwa. Na sa "dangana", amma hankalina bai kwanta ba.

Likitar Gashin Ƙashi, Bauchi: Wa alaikumus salam. Malam, cire dangana. A kunnen majinyata, wanda ya dangana ya naɗe hannu ke nan, alhali abin da ake nufi aiki ne tuƙuru. A juya shi a gado duk awa 2, dare da rana. In yana kan keken guragu, ya ɗaga jikinsa ko ya karkata duk minti 15 zuwa 30. A duba ƙugu, ɗuwawu da diddige safe da yamma. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, wurin yakan yi duhu ne, ya yi ɗumi ko tauri, mafarin gyambon kwanciya ke nan. Mai amfani da robar fitsari ta saka-cire kuma ya zuƙe mafitsara duk awa 4 zuwa 6. Wanda yake cewa "wata mai zuwa zan miƙe" shi ne ke ƙin keke, ya ƙi koyon robar, dangi su yi ta yawo da shi wurin masu ɗori har gyambo ya cinye nama. Ni "rungumar hali" zan ce.

Alaramman Pantami: Tawakkali fa? Ko rungumar ƙaddara. Mai tawakkali sai ya ɗaure raƙuminsa tukuna.

Malamin Hausa, Azare: Tawakkali, ƙaddara, duk Larabci ne. Har yaushe za mu yi ta aro? Na daɗe ina koyar da "karɓuwar zuci", ita ce daidai.

'Yar Tunfure: Allah gafarta Malam, karɓuwa daga "karɓu" take, abin da aka karɓa ne ke karɓuwa. "Shirin ya samu karɓuwa." A nan kuwa majinyacin ne mai karɓa.

Malamin Hausa, Azare: To "karɓar rai".

'Yar Tunfure: Subhanallah. A faɗi wannan a rediyo ga mutumin da ke kwance? Mutuwa zai ji.

Malamin Hausa, Azare: Mutanen Gombe ne za su gyara mini Hausa, alhali a kasuwa suka tsince ta?

Ɗan Jekadafari: Malam, wannan magana ba ta dace da girmanka ba. Kanawa ma haka suke ce wa mutanen ƙasar Bauchi, wai ba su raba namiji da mace a magana, kuma na san yadda take ƙona maka rai. Sannan "lafiya" da ke sunan shirin ita ma daga Larabci ta zo. Mu jefar da ita?

Malamin Hausa, Azare: Lafiya ta zama 'yar gida tun kaka da kakanni. Tawakkali har yau da rawaninta take yawo.

Ma'aikacin Lafiyar Ƙwaƙwalwa, Gombe: Don Allah mu koma kan majinyacin. Matsalar tawakkali a shirin nan ita ce duk wanda bai kai wannan matsayin ba zai ɗauka imaninsa ne ya gaza, sai ya ɓoye damuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu raunin laka suna nuna alamun ciwon damuwa. In ya yi mako 2 cikin baƙin ciki, ba barci, ba cin abinci, ba ya son ganin kowa, ko ya fara cewa gara ya mutu, likita yake buƙata, "ka yi haƙuri" ba ta isa ba. Kuma kada kalmar ta rufe ƙofar fata. In lakar ba ta yanke gaba ɗaya ba, akan samu wani motsi ya dawo, galibi cikin wata 6 na farko zuwa shekara. Yana iya sa ran hakan yana kuma koyon sauka daga gado zuwa keke.

Alaramman Pantami: Na ji hujjarka, Likita. Amma a bar mutane da addu'arsu a cikin shirin.

'Yar Tunfure: "Rungumar hali" zalla za a ji kamar halayya ce. A cika ta: "rungumar halin da ake ciki".

Mai Shirin Lafiya, Gombe: Na gode ƙwarai. Zan faɗe ta a cike a farko, in bi ta da bayanin Hajiya Likita kan juyi da duba fata, daga baya in riƙa cewa "rungumar halin". Addu'a za ta buɗe shirin. Saura "wellbeing", tsakanin natsuwar zuciya da walwala.

Malamin Hausa, Azare: Jimla ce kuka yi, ba kalma ba, kuma hali ɗin ma aro ne. Don Alhamis ta matso, a tafi da ita. A ajina dai karɓuwar zuci zan ci gaba da rubutawa. Ɗayar kuwa natsuwa za ka sa, walwala ta fi kama da ta biki.