Yarona ba ya gani sosai idan magariba ta yi, dundumi ne ko me?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa huɗu, kusan wata biyu kenan na lura da rana lafiya lau yake wasansa amma da zarar an kira magariba sai ya dawo ya maƙale min, in na aike shi ɗaki sai in ga yana lalube yana cin karo da ƙofa, jiya har ya yi tuntuɓe da turmi ya fasa leɓe. Kakarsa ta ce dundumi ne a gasa mishi hanta zai wuce, maƙociyata kuma ta ce in riƙa sa mishi kwalli. Ya yi ƙyanda kwanakin baya, ban sani ba ko akwai alaƙa. Cin abinci kam sai a hankali, in ba shinkafa da mai da yaji ba sai taliya, miyar ganye ko kallo ba ta ishe shi ba.

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam, sannu Maman Khalifa, Allah ya ba shi lafiya. Ni a asibitin sha-ka-tafi nake aiki kuma gaskiya duk abin da kika faɗa ya yi kama da ƙarancin bitamin A, dundumi shi ne alamar farko. Kuma eh akwai alaƙa sosai, ƙyanda tana cinye bitamin A ɗin da ke jikin yaro, shi ya sa ake ba duk yaron da ya kamu da ita. Dan Allah kar ki tsaya jira, ki kai shi gobe-goben nan, don in abin ya yi nisa farin idon yana bushewa, wani lokacin ki ga wani ɗan tabo kamar kumfar sabulu a gefe, daga nan baƙin idon ne zai fara gyambo, wannan kuma in ya lalace ba ya dawowa. Amma a matakin dundumi in aka ba shi ƙwayar bitamin A cikin kwanaki kaɗan za ki ga canji. Ita ce 'yar jar ƙwayar nan da ake yanke bakinta a ɗiga wa yara, ja ta 'yan shekara 1 zuwa 5 ce, shuɗiya ta 'yan wata 6 zuwa 11, kuma ya kamata yaro ya samu duk bayan wata 6. Ki duba katinsa ki ga rabonsa da ita. Kar ki saya a kemis ki riƙa ɗura mishi da kanki, yawanta ma illa ne.

Maganar Kaka kuwa tana kan hanya, hanta na cikin abincin da ya fi kowanne bitamin A, 'yar kaɗan sau ɗaya a sati ta isa. Sai ƙwai, manja, kabewa, karas, zogale, alayyahu, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya zo. Abin da mata da yawa ba su sani ba, sai da maiko jiki ke iya tsotsar shi, don haka kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan mai ya fi dafaffen zogale zalla. Manjan kuma kar a soya shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfanin.

Ɗan Zazzau:
Hajiya ki bar maganar kwallin nan, wani kwallin akwai dalma a ciki, guba ce ga yara. Haka masu ɗiga nonon uwa ko ruwan sikari a ido lokacin afolo, ni ƙanina aka ɗiga wa maganin da aka saya a tasha, sai da muka yi ta zarya asibitin ido a Kaduna wata da watanni kuma har yau ido ɗaya bai koma daidai ba. Ido ba wajen gwaji ba ne wallahi. Ga hunturu ya kusa, a riƙa wanke wa yara fuska da ruwa mai tsabta safe da yamma, kwantsa da majina ke jawo ƙuda, ƙuda ke yawo da amosanin ido, kuma kowa da tsummansa na goge fuska.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko katin yanzu, ashe tun yana shekara biyu rabonsa da ita, jikina duk ya yi sanyi. Da safe in sha Allahu babansa zai kai mu. Amma Anti Ummu Hanan ya zan yi da shi ya ci ganyen nan, da ya ga kore a kwano yake ture shi.

Ummu Hanan:
Ki dafa kabewa ki markaɗa ta cikin miyar jajjage, ba zai gane ba, zaƙi ma za ta ƙara. Tunda yana son shinkafa da mai ki mayar da man manja, ki barbaɗa garin busasshen zogale kaɗan a cikin yajin. Ki tafi da ƙannensa ma in akwai, a duba katinsu gaba ɗaya.