Gwajin hayaƙi na manyan akori-kura masu shan dizal a Kaliforniya: wace doka ce ta hau kansu, kuma nawa ake kashewa?

Mai_Jan_Tirela:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar. Akwai akori-kura Ford F-350 ƙirar 2015, injin dizal mai lita 6.7, mai tayoyi huɗu a baya, rajistarta ta Teksas ce, ana so a saye ta a yi mata rajistar Kaliforniya. Wani ya ce motar dizal ba a yi mata gwajin hayaƙi ko kaɗan, wani kuma ya ce sau biyu ake yi a shekara. Wanne ne gaskiya? Me suke dubawa, kuma nawa ake biya? Sannan fitilar gargaɗi ta injin takan kama jefi-jefi, mai motar ya ce ba komai ba ne, a goge ta da na'ura ranar gwajin shi ke nan. Haka abin yake?

Dan_Fresno:

Wa'alaikumus salam, Malam. Duk su biyun kowa ya faɗi gaskiya, amma ba gaskiyar motarka ba. Wanda ya ce ba a gwadawa dokar Teksas yake faɗa, don can motar dizal ba ta cikin gwajin hayaƙi. Wanda ya ce sau biyu a shekara kuma dokar manyan motoci ta Kaliforniya yake nufi, kuma ba ta kai kanka ba.

Kafin komai, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Akwai lambar da aka rubuta GVWR a gabanta, wato iyakar nauyin da kamfani ya yarda motar ta kai idan an haɗa ita kanta da mutane da mai da kaya. Ba nauyin da sikeli zai nuna ba ne, kuma ba ruwan hukuma da cewa kullum wayam kake yawo da ita. Wannan lambar ce ke raba hanya biyu a Kaliforniya. Fam 14,000 na nauyi zuwa ƙasa, dizal ƙirar 1998 zuwa sama, tana ƙarƙashin gwajin Smog Check da BAR, hukumar sa ido kan gyaran motoci ta jihar, ke kula da shi, sau ɗaya duk shekara biyu, da kuma lokacin sayarwa ko lokacin shigo da ita daga wata jiha. Daga fam 14,001 zuwa sama kuma ta faɗa shirin Clean Truck Check na CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar. F-350 irin wadda ka faɗa ba ta wuce 14,000, saboda haka Smog Check ne naka. Ba banza kamfanonin ke tsayar da lambar daidai kan 14,000 cif ba, a Ram 3500 da Silverado 3500 ma haka suke yi.

Wani abin da ke ruɗa mutane: sabuwar motar fetur tana samun hutun shekara takwas kafin gwajin farko. Dizal ba ta da wannan rangwamen.

Shi gwajin kashi uku ne, kuma ba a ɗora motar a kan rola, wato na'urar da tayoyi ke juyawa a kanta motar na tsaye, ba a kuma zura ma'auni a bakin salansa. Na farko duba da ido: EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, matatar kunkunniya wato DPF, tankin ruwan DEF da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi, da sensoci, ko suna nan a haɗe yadda kamfani ya sa su. Duk wani kayan ƙari da ya shafi iska ko mai ko hayaƙi, sai yana da lambar amincewa ta CARB da ake kira EO. Na biyu a jona na'ura da kwamfutar motar ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari. Na uku kallon hayaƙi: a bar injin yana aiki a tsaye a duba, sannan a taka totur da sauri ya kai juyi 2,000 zuwa 3,000 a sake, sau uku. Hayaƙin da ya tsaya a iska fiye da daƙiƙa uku, motar ta faɗi.

Makaniken_Dizal:

Maganar goge fitila ranar gwaji, Malam kada ka yarda. Hanya mafi sauri ke nan ta faɗuwa.

Kwamfutar motar tana da gwaje-gwajen kanta da take yi wa EGR, DPF, SCR (tukunyar salansa da ke amfani da DEF wajen rage iskar guba ta NOx) da sensoci yayin da ake tuƙi. Da ka goge lambobin matsala, ko ka cire kan batir, duk sakamakon nan ya koma sifili, na'urar tashar gwaji za ta ga ba su kammala ba. A motar dizal kuwa kammalawar ba wasa ba ce, don gwajin DPF yakan jira sai matatar ta ƙone kunkunniyar cikinta, abin da kan ɗauki ɗaruruwan mil kafin ya zo. Ban da wannan, motoci daga 2010 suna ajiye wata lamba ta dindindin wadda na'ura ba ta iya gogewa, sai kwamfutar da kanta ta tabbatar an gyara matsalar. Tun 1 ga Yulin 2019 Kaliforniya ke kayar da mota a kan wannan lambar. Ba a kawar da kai daga gare ta sai motar ta yi mil 200 da zagayen ɗumama injin 15 bayan gogewar, kuma kowane zagaye sai injin ya huce sannan ya sake zafi. Ba abin da za a yi a yini ɗaya ba ne. In matsalar na nan kuwa, kafin mil 200 fitilar ta dawo.

Abin yi shi ne a karanta lambar kafin a biya kuɗin motar, don ita za ta faɗa maka girman ramin da za ka shiga. P0401 na nufin iskar EGR ba ta wucewa yadda ya kamata, galibi kunkunniya ce ta toshe bawul ko masanyayar, wankewa kan wadatar. P2463 kunkunniya ta yi yawa a DPF, kuma yawanci laifin tuƙi ne: gajerun tafiye-tafiye da barin injin yana aiki a tsaye. Matatar tana bukatar zafi kusan digiri 600 na Salshiyos kafin ta ƙone abin da ta tara, kuma ba ta samunsa sai a doguwar hanya, minti ashirin zuwa talatin ba tsayawa. P2002 ta fi muni, don sau da yawa matatar ce ta tsage. P20EE kuma ta SCR ce, a nan ne ake yawan asarar kuɗi, saboda wasu na ganinta sai su ce a sauya tukunyar gaba ɗaya. A fara da mai araha. A auna ruwan DEF da ma'auninsa, ya kamata ya nuna yuriya kashi 32.5 cikin ɗari, saura tataccen ruwa. Wanda ya daɗe a zafi ko aka surka shi da ruwan famfo ba ya aiki. A ciro nozul ɗin da ke fesa shi a duba ko farin gishiri ya daskare a bakinsa, ruwan ɗumi ke narkar da shi. Sannan a gwada sensocin NOx na gaba da na baya. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake zargin tukunyar.

A lura da bambancin kunkunniya da toka. Kunkunniya tana ƙonewa, toka ba ta ƙonewa. Tokar daga baƙin mai take fitowa, shi ya sa waɗannan injinan ba a zuba musu sai mai alamar CJ-4 ko CK-4. In ta taru, sai an kwance matatar an kai ta wurin masu gasawa da hurawa.

Hajiya_Tireloli:

Ni abin da ya fi ɗaga min hankali a tambayar nan ba fitilar ba ce, jihar da motar ta fito ce. Inda ba a gwaji, nan aka fi samun motocin da aka yanke musu DPF da EGR aka sauya manhajar kwamfuta. Ɗan'uwa, ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka ga tukwanen salansa suna nan, wayoyin sensoci a jone ba a ɗaure da waya a gefe ba. Ka sa yatsa cikin bakin salansa bayan ta huce: motar da matatarta ke aiki cikin bututunta fes yake, in yatsa ya fito baƙi ƙirin to ko ta tsage ko an rarake cikinta an bar kwanson. Ka tambayi yaushe aka zuba DEF na ƙarshe, don lafiyayyar mota tana shan kusan galan 2 zuwa 3 a duk galan 100 na dizal. Ko an mayar da ƙarafan, tun Yulin 2021 na'urar Smog Check tana karanta lambar shaidar manhajar, in ba ta kamfani ba ce ko wadda CARB ta amince da ita, an faɗi. Cire kayan nan kuma laifi ne a dokar tarayya ta tsaftar iska, a kowace jiha, ko ana gwaji ko ba a yi.

Mai_Jan_Tirela:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Takardar ƙofa ta nuna 14,000 daidai. Saura maganar kuɗi. Kuma da a ce F-450 ce, lissafin ya sauya?

Dan_Fresno:

Kuɗin da gwamnati ta ƙayyade ɗaya ne tak: dala 8.25 na takardar shaida, kuma sai an ci gwajin ake biya. Ladan aikin kowace tasha ita ke yanka nata, shi ya sa ake bugawa wurare biyu ko uku a ji. Ka tambaye su abu uku: suna karɓar dizal, motar mai tayoyi huɗu a baya za ta shiga rumfarsu, kuma in an faɗi, sake gwaji kyauta ne ko da kuɗi. Takardar tana aiki kwana 90, saboda haka kada a yi gwajin tun da wuri a zauna.

Gwajin kansa ba shi ne kashe kuɗin ba. Wanke DPF ɗaruruwan daloli ne, sauya ta dubbai. Mayar da motar da aka yanke wa kaya yadda take, da matata da SCR da EGR da sensoci da manhajar kamfani, ya fi duka tsada, kuma ba ka da zaɓin sayo kowane irin kaya mai araha, sai wanda jihar ta amince da shi. In motar cikin Kaliforniya ake sayar da ita, nauyin kawo takardar gwaji na kan mai sayarwa. Wadda aka sayo daga Teksas kuwa, duk abin da ya fito naka ne. Ni a ganina, mai motar da ya ce a goge fitila ya riga ya gaya maka a rage farashi.

F-450 kuwa sunan ba ya yanke hukunci. Mai akori ta shekarun baya-bayan nan 14,000 ce, tana Smog Check. Wadda ake sayarwa kai da firam a ɗora mata bodi, da F-550, sun haura, suna Clean Truck Check. Can sai ka yi wa motar rajista a rumbun bayanan CARB, ka biya kuɗin shekara, wanda ya fara a dala 30 ana ɗan ƙara shi gwargwadon tsadar rayuwa, a 2025 ya zama 31.18. Sannan gwaji sau biyu a shekara a hannun wanda ke da shaidar CARB, ladansa daban. Injin 2013 zuwa sama kwamfuta ake karantawa. Wanda ya girmi haka ana auna kaurin hayaƙi da mita: kashi 5 cikin ɗari ga mai DPF, kashi 20 ga injin 1997 zuwa 2006, 30 ga 1991 zuwa 1996, 40 ga wanda ya girme su. Wanda bai cika ba, hukumar rajistar motoci, DMV, ta riƙe masa sabunta rajista.

Makaniken_Dizal:

Gyara kaɗan, Oga. F-450 mai akori ƙirar 2008 zuwa 2010 fam 14,500 ce, saboda haka ta haura layin duk da kamanninta ɗaya da sauran. Masu sayen tsohuwa su duba ƙofa.

Masu Ram mai injin Cummins 6.7 kuma su sa lambar shaidar motar, wato VIN, a shafin kamfanin na motocin da aka kira a mayar don gyara. Bayan sasancin da Cummins ya yi da gwamnatin Amurka da Kaliforniya, wanda ya biya tarar dala biliyan 1.675, an kira motocin 2013 zuwa 2019 domin sabunta manhaja kyauta. Bayan sabuntawar gwaje-gwajen kwamfuta sukan koma sifili kamar an goge, don haka a bar tazarar mako ɗaya ko biyu na tuƙi kafin a je tashar gwaji.

Baban_Denba:

Ga mai karantawa daga wata jiha, kada ya ɗauki na Kaliforniya ya auna nasa. A Kolarado, yankin Denba da gundumomin da ke kewaye, ƙaramar dizal ana ɗora ta a kan rola a matsa wa injin lamba a auna kaurin hayaƙi. Sabuwa tana da hutun shekara huɗu, sannan duk shekara biyu har ta kai goma, daga nan duk shekara. Ladan gwajin kuma doka ta hana ya wuce kuɗin aikin awa ɗaya na garejin. Tunda rola ce, a je da tayoyi masu kyau da iska daidai, injin da zafinsa, a kuma sauya matatar iska in ta yi datti, don toshewarta kaɗai kan ƙara baƙin hayaƙi a tsohon injin da ba shi da DPF.