Fotulakata tana ruɓewa daga tushe tun da damina ta kankama

Salamu alaikum. Ina neman shawarar masu harkar fulawa.

Na shuka fotulaka, fulawar nan mai yaɗo a ƙasa da ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, a gefen katangar tsakar gida don ta rufe ƙasa. A bazara ta yi kyau sosai, ja da rawaya ko'ina. Tun da ruwan Agusta ya kankama sai ta fara lalacewa. Jijiyar kusa da ƙasa takan yi baƙi, ta yi laushi, in ka taɓa ta sai ta tsinke da ruwa-ruwa, alhali saman reshen yana nan kore shar.

Na daina ban ruwa gaba ɗaya. Na yanke ruɓaɓɓun, na dasa lafiyayyun rassa, suka kama, bayan mako guda suka bi sahu. Na barbaɗa yashi a sama, bai hana komai ba. Wurin ƙasar laka ce, ruwan indararo kan kwanta a can har washegari. Wallahi abin ya ishe ni.

In na tayar da kunya na cakuɗa yashi da ƙasar yanzu, za ta tsira, ko sai na jira kaka in sake dasawa?